Akwatin Wuta a Garejin Wendell

A Dayton, ranar da ƙanƙara ta toshe bakin gareji,
janwe ya sauke mana a-kori-kurar Madam Loretta,
ƙirar saba'in da takwas, ruwan ƙasa,
ta girme ni da shekara biyu.
Ta ce da sanyin safiya bugu ɗaya take tashi,
amma in ta ɗauki zafi sai ta mutu a tsakiyar titi
kamar an hure fitila.

Na ɗaga bonet.
Ga akwatin wuta na kamfani, toka-toka,
bayansa ya narke yana ɗiga kamar maɗi.
Shekara arba'in da ɗoriya yana raba tartsatsi
ga fulogi takwas, kowa a kan lokacinsa,
ba wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki.

Wendell ya tofar da tsinken sakace.
"Cire shi, Gambo, sa mata jan nan na kasuwa.
Wutarsa ta fi zafi, ba ya tsoron sanyi,
inda tsohon ke ƙyastawa sau ɗaya
shi sai ya ƙyasta sau uku.
Taka totur ka ji yadda inji ke amsawa."

Na ce gaskiya ne, na ga aikinsa.
Amma ranar da ja ya mutu a hanyar ƙauye,
gonar masara dama da hagu, dare ya yi,
wane shago ne zai ce yana da irinsa?
Sai ka zauna jiran ɗan aike kwana biyar.
Na kamfani kuwa, ko a bola ka tona
ka samu ɗan'uwansa a cikin mushen wata mota,
soket ɗaya, kusa uku, ka kama hanya.

Ya ce, "Na kamfanin da ake sayarwa yau
suna ne kawai, cikinsa ba na da ba ne.
Na sa guda uku bara, biyu sun dawo."
Nan na yi shiru,
don ni na cire su da hannuna.

Madam Loretta tana kan benci, kofi ya huce a hannunta.
Ba ta san kwayil ba, ba ta san distiributa ba,
abin da ta sani shi ne ƙarar motar nan
in ta shigo layi ƙarfe shida saura,
sai ta ɗora tukunya.
Bana shekara huɗu ba wanda ya shigo da ita.

Na buɗe aljihun gaban mota ina neman takardu.
Ƙarƙashin taswira da tsoffin rasit
sai ga safa ta ulu, an ƙulle bakinta, da nauyi.
A ciki akwatin wuta ne, toka-toka,
sabo fil, ko kusa ba ta taɓa shi ba,
da 'yar takarda, rubutun fensir:
"Lori, in ta ƙi tashi, ba makaniki wannan."

Wendell ya cire hula, ya shafa sanƙo,
ya mayar da jan akwati kan kanta.
Na goge tsatsar wayar ƙasa, na ɗaure kusa uku,
na ce ta murza makulli da kanta.

Bugu ɗaya.
Hayaƙi ya fita fari, gareji ya ɗauki rawa.
Muka bar ta minti arba'in tana zafi, ba ta yi tari ba.
Madam ba ta ce komai ba,
ta dai riƙe sitiyari da hannu biyu.

Da za ta tafi ta tambayi kuɗin wani.
Wendell ya ce, "Ja ko toka?"
Ta ce duk wanda zai shiga safar.

Da yamma na rufe gareji, na shiga tawa tsohuwar,
wadda na sa wa ja tun bara ban faɗa wa kowa ba.
Ta tashi da ruri, kamar kullum.
Na buɗe aljihun gaba na duba:
tocila, da bawon gyaɗa.